Azumin da na ari likkafanin Baba

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara, kuma ni da na rantse ba zan ƙara hawa dandamali ba, ga 'yata Hauwa ta sa ni gaba. Tana koyarwa a wata sakandare a Daurawa. Ta tono wani tsohon rubutun wasan kwaikwayo a kwalin takarduna, ta ce ɗalibanta za su yi shi bayan salla, wai ni zan fito a tsohon da ke ciki. Na ce ta nemi wani. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baba, ai kai ba sai an shafa maka komai ba." Ka ji fa, 'yar da na goya a kafaɗa. Na karɓi takardun don in mayar da su inda suke, sai na ga sun yi ja, gefensu duk shatin gumi. Nan take na tuna azumin da aka yi wannan gumin, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, lokacin da watan ya zo a irin wannan zafin.

A lokacin ina saurayi, ina koyarwa a firamare a Tarauni, ina zaune a ɗakin soro a gidanmu na Gyadi-Gyadi. Zafin shekarar ba a cewa komai. Tun hantsi kwanon ɗaki ke ƙara ƙas-ƙas, kwaltar titin Zariya ta yi laushi har tana riƙe wa mutum silifas. Famfon layinmu ya fi wata biyu ba ɗigo, in ka murɗa sai ya huro maka iska mai zafi. Rijiyar gida ta koma laka. 'Yan garuwa suka zama manya, sai ka bi su kana lallashi suna wuce ka ko waiwaye babu. Wutar lantarki kuwa, in an kawo, kafin ihun yara ya lafa an ɗauke.

Inna, mahaifiyarmu, ita ta riƙe ragamar ruwa, kuma ba ta da sassauci. Randar sha daban take, an naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, ba mai buɗe ta sai da magariba. Ruwan wankin gero na tumaki ne. Alwala a kan kwano ake yi, a tara, a yayyafa wa tsakar gida da yamma. Wanka rabin bokiti, in ka yi ƙorafi gobe a rage. Da sahur ɗumamen tuwo ne da ruwa har ciki ya yi ƙwal, amma kafin azahar harshe ya koma kamar tsohon takalmi. In na dawo daga makaranta sai in jiƙa zane da kofi ɗaya in lulluɓa, kafin in juya ya bushe. La'asar na yi turmi ya fara ƙara, ƙannena mata suna surfen wake, ɗaya ta tafi niƙa, ɗaya ta tafi layin ƙanƙara a gidan wani ma'aikaci mai firjin kananzir. Sau da yawa abin da take dawowa da shi bai fi ƙwan kaza ba. Sukari ya yi tsadar da Inna ke ƙirga ƙwayoyinsa a kunun tsamiya, kowa biyu, Baba uku.

Baba shi ne babbar wahalar wannan azumin, ya fi zafin rana. Malam Ilu sunansa, ya yi ritaya daga aikin masinja a kotu, ya haura saba'in. Likita ya ce ya sha azumi ya ciyar, ya ce likitan jiya aka haife shi. Yana azumi yana jiri, in ka riƙe shi ya doke maka hannu. Shi ne mai wankan gawa da suturarta a unguwarmu, ba a biyansa, ba ya kuma yarda wani ya riga shi. Duk sanda aka aiko an yi rasuwa sai ya tsaya a ƙofar soro ya buga sanda.

"Lawan, taso mu je."

Ni kuwa kullum da uzurina a baki. Yau ina da takardun ɗalibai, gobe ciwon kai, jibi na riga na fita ta baya. Gaskiyar ita ce tsoron gawa nake ji, tsoro na gaske, ko makara na hango sai na sauya hanya.

"Kai ne babba," in ji shi. "Ranar da na faɗi wa zai naɗe ni? Maƙwabta?"

"Allah Ya ja kwana, Baba."

"Ya ja. Saura kai ka koya."

Maganar ta ishe ni har wuya. Mutum da ransa da lafiyarsa, kullum zancensa ɗaya.

Likkafaninsa ma yana da shi a ajiye. Shekarar da ya sauke farali ya saye shi, ya tsoma shi a ruwan zamzam, ya shanya a can, ya dawo da shi. Yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, da kafur da turare, an yanka komai an jera har da ƙyallaye uku na ɗauri. Duk ranar ashirin da ɗaya ga azumi yakan fito da shi ya baza a igiya a inuwa, ya duba ko gara ta taɓa, ya ninke ya mayar. Inna ta tsani ranar nan. Takan ce, "Malam, mutane na fito da kayan salla, kai ka fito mana da wannan." Shi kuwa sai ya ci gaba da duba kayansa.

To, a makarantarmu muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta malamai. Shugabanmu Malam Bitrus ne, mutumin kudancin Kaduna, shi ya rubuta wasan da za mu nuna washegarin salla. Labarin wani tsoho ne da 'ya'yansa suka watse a garuruwa. Yana ciwo yana aika musu, kowa na kawo uzuri, sai da ya cika suka taru a kan gawarsa suna gardamar wa ya fi son sa. Ni aka ba tsohon, don na iya kwaikwayon Baba, tafiyarsa da tarinsa da yadda yake nuna mutum da sanda. Da gawayi ake ja mini tamoji a goshi da kumatu, a barbaɗa mini garin alli a ka. Ban taɓa tsayawa na ga cewa ni ma uzurin nake kawowa a gida ba. Ni dai tafi nake nema.

Bayan la'asar muke gwaji a wani aji mai rufin kwano, wuri kamar tanda. Murya ba ta fita, leɓe ya tsage, kowa ransa a kusa. Malam Bitrus ba ya azumi, amma ya ƙi shan ruwa a gabanmu. Kwalbarsa na cikin jaka a ɓoye. Mu ce, "Malam, sha abinka, ba komai," ya ce ai ba daɗi. Sai ya zama duk ya fi mu faɗa, mu masu lada muna haƙuri da shi.

Abin da ya gagare mu shi ne farin yadi na naɗe gawa a fitowa ta ƙarshe. Alawayyo ya yi tsada, ba wanda zai saya don wasa ana fama da na kunu. Muka haɗa buhunan fulawa aka ɗinke, da aka naɗe ni sai ga sunan kamfani ɓaro-ɓaro a kan cikina, 'yan wasa suka fashe da dariya. Malam Bitrus ya jefar da takarda ya ce in ba a sami yadi ba a fasa. Bakina ne ya riga hankalina. Na ce akwai a gidanmu.

Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai. Na dai yi lissafi irin na mai wayo: ranar ashirin ce, Baba sai gobe zai buɗe akwati, zan ɗauka bayan la'asar yana masallaci wajen tafsiri, in mayar kafin a sha ruwa. Sau ɗaya kawai, don Malam Bitrus ya ga yadda fitowar za ta kasance. Na naɗe shi a jarida na fice. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne hadari. Ranar aka fara ganin gabas ta yi duhu, irin hadarin nan na yaudara da ke taruwa ya watse. Baba ya ɗaga kai a masallaci ya gani, ya ce kada gobe a tashi da ruwa, bari ya shanya kayansa yau.

Ni ina can an haɗa benci biyu an kwantar da ni. Ɗanjuma da Sale, malamai biyu da suka fito a 'ya'yan tsohon, suka naɗe ni yadda suka ga dama, suka ɗaure kai da ciki da ƙafa tamau kamar buhun albasa. Ƙanshin kafur da turaren Baba ya cika mini hanci. Gumi yana bin kunnena, numfashi da ƙyar. Ina jin Ɗanjuma yana kukan ƙarya yana cewa shi ya fi kowa kula da tsoho, sai kukan ya yanke a tsakiya. Sannan na ji ƙarar sanda a kan siminti, ƙwas, ƙwas, ƙarar da na shafe wata guda ina kwaikwayo.

Daga Gyadi-Gyadi ya tako har Tarauni, da azumi a bakinsa, a ranar nan. Inna ce ta gaya masa ta ga na fita da ƙunshi. Da ina da hanyar mutuwa da gaske a lokacin, da na bi ta.

Na jira ashar, ko sandar a kan ƙafata. Abin da na ji shi ne, "Wa ya yi wannan ɗaurin?"

Sai ya buga sanda a ƙasa.

"Kwance shi."

Suka hau kwancewa, ƙulli ya ƙi. Gumina ya jiƙa shi ya ƙara kamawa. Ɗanjuma ya sa haƙori, Sale na neman reza.

"Haka za ku yi a cikin kabari?" in ji Baba. "Mutane na tsaye a rana, liman na jira, ku kuna cizon likkafani?"

Da ƙyar aka fito da ni. Na tashi zaune, alli na zuba, na kasa ɗaga ido. A kan farin yadin, daidai inda ya rufe mini fuska, ga shatin gawayi nan, layin goshi uku da na kumatu. Malam Bitrus ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, laifina ne, ni na matsa a nemo yadi. Wallahi ban san naka ba ne."

"Tashi, Malam. Kai ba a cikin abin aka haife ka ba, ba ka da laifi. Waɗannan ƙartin fa? Musulmi uku, da gemu, ba wanda ya iya ɗaura wa ubansa likkafani."

Ya jingine sandarsa, ya cire takalmi, ya cire hula ya miƙa wa Sale. Ya sa aka shimfiɗa fallayen a kan benci ɗaya bisa ɗaya yadda ya ce, ƙyallayen ɗauri a ƙarƙashi. Sai kawai na ga ya hau ya kwanta, ya miƙe ƙafa, ya jera hannuwansa a gefe.

"Taso."

"Baba, don girman Allah ka tashi mu tafi gida. Mutane na kallo."

"Ranar ma za su kalla. Na kira ka ka gani a kan na wasu ka ƙi. To yau ka yi a kan naka."

Haushi ya kama ni, kunya ta kama ni, ga ƙishirwa. Na ce a raina wane irin tsoho ne wannan, ba zai zage ni a gida kamar kowane uba ba sai ya tara mini jama'a. Amma ba yadda na iya. Na kama gefen yadin, Baba yana ba ni umarni daga kwance. Wannan gefen tukuna, sannan wancan ya hau kansa. Ja sosai kada ya yi sako-sako, amma kada ka shaƙe mutum. Tattara wajen ƙafa. Da na zo ɗauri sai na yi irin wanda na saba.

"Kwance. Sake. Zarge ake yi, ba ƙulli ba. Yadda in an sa mutum a kabari ja ɗaya zai warware."

Na sake. Ya motsa ƙafa ya ji. "Kwance. Sake."

Sau huɗu ina yi. A na huɗun ya bar ni na kai har ka. Na ja yadin na rufe masa fuska, na tattara saman na zarge. Na tsaya ina jiran ya ce in sake, bai ce ba. Na dubi ƙirjinsa ban ga yana motsi ba. Tsoho ne mai jiri, ya yi tafiya a rana, bai sa komai a ciki ba tun asuba.

"Baba?"

Shiru.

"Baba!"

Duk haushin nan ya bi iska, ban san sanda na kama kafaɗarsa ina girgizawa ba. Sai murya ta fito daga cikin yadin, a fusace.

"Gawa ba ta amsawa. Ja ɗaurin mu gani."

Na ja, ya warware sumul. Ya tashi zaune ya ce, "To." Iyakar yabon da na samu ke nan.

Muna ninke kaya aka kira salla. Ba wanda ya zo da ko dabino, don ba mu yi niyyar kaiwa magariba ba. Malam Bitrus ya ciro kwalbar nan da ya wuni yana ɓoyo ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Ruwan ya yi ɗumi kamar shayi. Baba ya yi bisimilla ya kurɓa, ya miƙo mini, muka zagaya da ita mu biyar.

A gida Inna ta haɗa mu ta wanke tas, ni ɓarawon likkafani, shi kuma tsohon da ba ya jin magana. Da ta ga shatin gawayin ta ce a kawo ta wanke, ko da ruwan randar sha ne. Baba ya hana. Ya ce ruwan zamzam ne a jikin yadin, ba za a bi shi da na garuwa ba. Ya ninke da tabon ya mayar, washegari ya sayo kwaɗo ya sa wa akwatin, ya rataya makullin a wuya yana kallona.

Wasan kuwa an yi shi, da farin zanen gadon matar Malam Bitrus. Mun cika ɗakin taron makaranta. Ina cikin jawabin tsoho na ƙarshe, wanda na kwashe wata ina haddacewa da busasshen maƙogwaro, sai ruwan farko ya sauko. A kan rufin kwano ko kiran sunanka aka yi ba za ka ji ba. Ƙanshin ƙasa ya shigo ta taga, mata suka tashi da gudu don su je su tara ruwa a gida, maza suka bi su. Muka ƙarasa wasa a gaban mutum bai fi goma ba. Baba na layin gaba da sandarsa, bai motsa ba. Da muka fito na tambaye shi yadda ya gani. Ya ce, "Ɗaurin ya yi. Sauran duk surutu ne."

Daga wannan shekarar in ya buga sanda a ƙofar soro nakan tashi. Tsoron bai tafi ba, na dai koyi tafiya da shi. Baba ya ƙara shekara shida yana azuminsa yana musu da likitoci. Da damina ya rasu, wata safiyar Alhamis, bayan ya karya kumallo. Inna ta ciro makullin daga wuyansa ta sa mini a hannu. Da na buɗe yadin sai ga goshina na ƙarya a jiki, layi uku, ya dushe amma yana nan. Ni na yi masa wanka, ni na naɗe shi, tabon ya zo daidai fuskarsa. Ba wanda ya ce mini in sake. Na shiga kabarin na karɓe shi, na kwantar da shi, na kama bakin ɗaurin. Ja ɗaya ya warware. A nan ne kukan ya zo mini, har sai da aka kamo hannuna aka fito da ni.

Yanzu gidan nan akwai rijiyar burtsatse, akwai firji mai aiki da hasken rana, jikokina na zaɓen irin lemon da za su sha ruwa da shi, suna kuma kukan zafi a ƙarƙashin fanka. Ni ma likita ya ce in sha azumin bana. Yaro ne ƙarami, ban ga abin da ya sani ba.

Na ce wa Hauwa zan yi mata wasan, amma da sharaɗi, sai ta kawo mini yayanta Mansur. Shi ne babban ɗana, yana aikin banki, yana zaune a Hotoro. Shekara uku ke nan duk sanda aka yi rasuwa a unguwa na kira shi, yana da taro a ofis. In na ce masa akwai akwati a ƙarƙashin gadona sai ya ce, "Baba, don Allah ka daina irin wannan maganar." Kamar in na daina shi ke nan an fasa.

Jiya bayan la'asar ta kawo shi, bai san dalili ba. Ya tarar na shimfiɗa kayana a tsakar falo, na cire hula, na kwanta. Ya juya zai fita, uwarsa ta tsaya a bakin ƙofa, duk da ita ma tun safe take min faɗa. Ya durƙusa yana gunaguni, wayarsa na ƙara a aljihu. Ya ja yadin ya rufe mini fuska. Ina jin yadda ya ɗaure ƙafar, tamau, irin na buhun albasa. Na yi shiru.

"Baba?"

Na ƙyale shi.

"Baba! Hauwa, zo ki gani, ba ya motsi!"

Sai da ya kira sau uku, na ji muryarsa ta karye, sannan na ce, "Kwance. Sake."